Lambar ginshiƙi a VLOOKUP: yau dai na kama bakin zaren

Salamu alaikum 'yan uwa abokan koyon Excel. Alhamdulillahi, fayil ɗin sakamakon jarabawar da nake ta ƙorafi a kansa ya daidaita, kuma ina so in faɗa muku inda matsalar take tun kaina bai huce ba.

Ga tsarin nawa. Shafi ɗaya mai suna Maki, lambar ɗalibi a ginshiƙin B, suna a C, darussa daga D zuwa P. Shafi na biyu shi ne katin sakamako, VLOOKUP, fomular da ke neman lambar ɗalibi a tebur, ke ɗauko makin kowane darasi. An gama zangon farko lafiya lau. Da aka shiga na biyu sai aka ce a ƙara darasi ɗaya, kuma wurinsa tsakanin Turanci da Lissafi. Na cusa sabon ginshiƙi, Excel ya faɗaɗa iyakar teburin da kansa daga P zuwa Q, babu wani jan rubutu, babu alamar kuskure ta #REF!, komai tsaf a ido. Aka buga katuna. Sai wani malami ya zo da katin yaron da kowa ya san shi ne gwanin Lissafi, ga maki kaɗan a gabansa. Makin sabon darasin ne ya zauna a gidan Lissafi, na Lissafi ya koma na gaba, haka kowane darasi ya tura na kusa da shi har ƙarshe. Kusan rim guda na takarda ya tafi a banza, ga kuɗin bugawa a shago, kuma daga aljihuna ya fita. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Dalilin kuwa shi ne lambar nan da muke rubutawa da hannu a gurbi na uku na VLOOKUP, wadda ke faɗa masa ginshiƙi na nawa zai ɗauko maki daga ciki. Idan ka rubuta 4, to 4 ce har abada. Excel yana gyara adireshin gidaje idan an cusa ginshiƙi, amma lambar da ka buga da yatsanka ba ya taɓa ta, domin a wurinsa lamba ce kawai, bai san tana nuna wuri ba.

Na fara da kunna R1C1, ta File, Options, Formulas, don haruffan saman nan su koma lambobi in daina ƙirga da yatsa. Sun koma kuwa. Amma fomulolina duk suka rikiɗe suka zama R da C da ƙananan baka, na kasa karanta abin da ni na rubuta. Ga kuma babbar matsalar: lambobin suna farawa daga A, shi kuwa VLOOKUP daga ginshiƙin farko na teburin da ka ba shi yake ƙirga. Teburina daga B ya fara, don haka abin da allo ya kira 5 shi VLOOKUP 4 yake kiransa. Na kashe shi.

Sai na koma COLUMN, mai faɗin ginshiƙi na nawa ne a shafi. =COLUMN(Maki!F1) yana ba da 6, a cire 1 saboda A ba ya cikin tebur, a samu 5. Wannan ya yi aiki, har na fara murna, domin idan aka cusa ginshiƙi a tsakiya F1 yana komawa G1 da kansa. Amma da na gwada cusa wani kafin B, kamar yadda za a yi ranar da aka ce a ƙara gidan aji, sai komai ya sake gocewa, saboda wancan 1 da nake cirewa shi ma lambar hannu ce. Ciwon dai ɗaya ne, wuri kawai ya canza.

COLUMNS mai S a ƙarshe shi ya fi shi hankali. Ba ya tambayar ginshiƙi na nawa ne a shafi, ƙirga yawan ginshiƙan da ke cikin iyaka yake yi. Na buɗe layi ɗaya a can sama, na rubuta =COLUMNS($B1:B1) a B1, na ja zuwa dama, sai ga 1, 2, 3 sun jeru daidai da ƙirgar VLOOKUP. Ku lura da alamar dala a B na farko, ita ce ta ɗaure farkon. Masu Excel 2021 ko 365 suna da SEQUENCE, =SEQUENCE(1,16) zai zuba musu lambobin a take, amma kwamfutar makarantarmu 2016 ce, babu shi babu XLOOKUP, sabon magajin VLOOKUP.

Wanda na tsaya a kansa dai MATCH ne, kuma shi nake ba kowa shawara. Maimakon lamba, sunan darasin yake nema a layin kanun:

=VLOOKUP($C$3,Maki!$B:$Q,MATCH($A8,Maki!$B$2:$Q$2,0),FALSE)

C3 lambar ɗalibi ce, A8 ɗin nan kuma sunan darasi ne a kan katin. Ko ina Lissafi ya koma, zai bi shi. Sharaɗi ɗaya: iyakar MATCH ta fara daga ginshiƙin da ta VLOOKUP ta fara, B da B. Nan ma sai da ya ba ni wuya, darasi ɗaya ya dage da #N/A, wato ba a same shi ba, alhali sunan iri ɗaya ne a ido. Ashe akwai sarari ɗaya a bayan kalmar, wanda ba a gani. LEN ne ya tona shi, ya ƙirga haruffa fiye da na kalmar, TRIM ya share.

'Yan uwanmu na Nijar da ke da Excel na Faransanci, naku sunayen RECHERCHEV, EQUIV da COLONNES ne, kuma waƙafi mai ɗigo za ku sa a inda na sa waƙafi.

Na gwada shi ta kowace fuska: na cusa a tsakiya, na cusa a gaba, na sauya wa darussa biyu wuri, maki bai motsa daga mai shi ba. Abu ɗaya ya rage. Idan aka rubuta sabon darasi a R, bayan ƙarshen iyaka, fomula ba ta ganinsa. Ina shirin mayar da shafin Maki cikakken tebur da Ctrl+T don ya riƙa faɗaɗa da kansa, sai dai layin lambobina na sama zai kasance a wajensa. Wanda ya taɓa haɗa su biyun ya faɗa mini yadda ya yi kafin a fara shigar da makin zango na uku.