Mai hoto, kamararka mega nawa ce?

Tambayar da ta fi isata a shagon ga cikin ƴan shekarun nan ita ce ta mega, wato yawan ƴan ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, waɗanda ake ce ma piksel, mega guda piksel miliyan guda ke nan. Da can in mutum ya shigo abin da shike tambaya nawa ne wankin hoto, yaushe zai dawo ya amsa, yanzu ko sai yaro ya jingina da kanta ya ƙare ma kamarar da ke wuyana kallo ya ce Baba wannan mega nawa ce, in ce mishi 20, sai ka ga ya yi wani ɗan murmushin tausayi ya zaro salula daga aljihu ya ce ai tashi 108 ce. Wani ma har shawara ya ba ni wai in saida tawa in sayi irin tashi in huta da ɗaukar kaya.

Ni dai mai hoto ne nan Tawa, ɗan shago gare ni ba nisa da kasuwa, ni da yara biyu masu koyon aiki. Abincinmu na kullum hoton kart dantite ne da na fasfo da na ƴan lakkwal lokacin haɗa takardun jarabawa, sai kuma biki da suna da walimar sauka, su ne ke kawo kuɗɗi masu ɗan kauri, musamman in ƴan ci-rani sunka dawo daga Abijan ana ta ɗaurin aure babu hutu. To a wajen bikin nan ne na gane zancen mega, kuma da kuɗɗina na koye shi.

Kamarar da na daɗe da ita Canon 600D ce, mega 18. Da rana ba ta da laifi ko kaɗan. Amma bikinmu na nan rabin shi dare ne, a tsakar gida ko a bakin titi an kafa rumfa, fitila guda biyu ko ukku, in an ɗauke wuta kuma sai abin da gurup ya iya. In na ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara ma kamara ƙarfin jin haske, ya wuce 1600 sai hoton ya cika da wani tsaki-tsaki kamar an watsa mishi rairayi, fuskar amarya ta yi dabbare-dabbare ja da kore, in kuma na dogara ga filash sai goshi ya yi ta ƙyalli bayan mutane ya yi baƙi ƙirin kamar cikin rijiya sunka tsaya. Daga baya ƙanena ya samo mini Canon 6D ta hannu, ita mega 20 ce. 18 da 20 ai kusan duk ɗaya ne, in lissafin mega ne ban ƙaru da komi ba ke nan. Amma daren farko da na fita da ita na ɗaga ISO har 3200 ban kunna filash ba, da na zo na buɗe a kwamfuta sai da na kira yaran na ce ku zo ku gani, lallen hannun amarya ya fito zane-zane, har zaren aikin wuyan rigar ango ana ƙirgawa.

Bambancin shina ga abin da muke ce ma kaptar, wani ɗan faifai ne can ciki bayan gilashi wanda haske ke sauka bisa shi, shi ne ya gaji fim na zamanin da. Na 600D milimita 22.3 ne a 14.9. Na 6D ko kusan 36 a 24, daidai girman fim ɗin da munka sani. In ka buga lissafi babban ya ninka ƙaramin sau biyu da rabi da ɗoriya. Na salula kuma, wanda Samsung ta fara fiddawa mai mega 108 a 2019, bai kai milimita 10 a 7 da rabi ba, ƙumbar ɗan yatsa ke nan, na 6D ya ninka shi wajen sau 12. Kuma wannan cikin manya shike, akwai wayoyi masu 108 da nasu bai kai haka ba.

Yadda nike yi ma yarana bayani da gadon gona nike yi, don shi ne kowa ya sani a nan. Kaptar gona ce, haske shi ne damina, piksel kuma magada. Mutum ya mutu ya bar ƙatuwar gona da ɗiya 20, wani ya bar ɗan fegi bayan gari da ɗiya 108. Wa za ya fi cika rumbu? Yawan magada ba shi ƙara dame ko ɗaya, sai dai ya ƙara yawan iyakoki, kowa ya samu kunya biyu ya tsaya yana kallo. Piksel guda na 6D faɗin shi wajen mikron 6.5 ne, na wayar nan 0.8, mikron kuwa milimita guda ce anka raba dubu. In ka auna fili, piksel guda nawa ya haɗiye nata sama da 60. Ranar da damina ta yi kyau, wato rana tsaka haske ko'ina, kowane ɗan gado zai samu abin kaiwa baka, shi ya sa hoton salula da rana ke da kyau har ka rantse da kamara anka ɗauka. Ranar fari ce ke tona asiri, ɗan mitsitsin piksel ya samu haske ɗan kaɗan, na kusa da shi ya samu fiye ko ƙasa da haka bisa sa'a, waya ta ƙara ma abin ƙarfi da lantarki, wannan rashin daidaiton shi ne rairayin da kake gani.

Su ma masu ƙera wayar sun san haka, shi ya sa sunka maida magadan gandu. Yawancin masu 108 suna haɗa piksel 9 su zama guda, hoton da ke fita mega 12 ne, masu 50 kuma suna haɗa huɗu-huɗu su ba ka 12 da rabi. Yaron nan mai tausayina na ce mishi ɗana buɗe hoton da ka ɗauka jiya ka duba bayanin shi, ya duba ya ga 4000 a 3000, ya ce to ina sauran, na ce suna gandu. Sai ka shiga ka zaɓi 108 da hannunka kafin ta ba ka, kuma in ba cikin haske sosai ba abin da za ka samu hoto ne mai cin wuri a waya ba tare da wani ƙarin gani ba.

Kar a ce na raina salula, ban raina ta ba wallahi. Dabarar da take yi da dare, ta ɗauki hoto da yawa a jere cikin ƙiftawar ido ta haɗa su guda ta share rairayin, abin mamaki ne, in abin da kake ɗauka ba shi motsi. Ɗauki masallaci ko mota a tsaye ka ga kyau. Amma je ka wajen da mata ke rawa ana liƙi ka gwada, hannu sai ya zama hayaƙi, kuma sharar da take yi har fatar mutum take gogewa ta koma sumul kamar roba. Ƴan mata dai suna so, ni ko ba ni so.

Akwai wani wurin da babban kaptar ke ceto na wanda mutane ba su lura da shi, shi ne farar shadda. Ango ya sha farar shadda tana ɗaukar ido, shi kuma baƙi ne irinmu, an fito daga ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya ranar Tawa ta buɗe. In ka auna haske a fuska riga ta ƙone ta zama farar takarda babu aiki babu zane, in ka auna a riga fuska ta nutse sai haƙora. Babban piksel kamar babban masaki ne, shina ɗaukar haske da yawa kafin ya cika ya zube, kuma inuwar shi tana da tsabta, don haka sai in auna a riga in zo a kwamfuta in ɗago fuskar a hankali ba ta watse ba. Da tsohuwar kamarata in na ɗago haka sai rairayi ya biyo. Mutumin da ya kashe kuɗɗi wajen maɗinki so shike a ga aikin, wani ango ya taɓa maido mini hoto don wannan kaɗai, ya ce mai hoto ina surfanin da na biya.

Sai dai babban kaptar shi ma da nashi wahala. Ranar da 6D ta iso na ɗauko gilashin tsohuwar, 18-55 ɗin nan da ke zuwa da ita, na yi na yi ya ƙi shiga, ashe an yi shi ne don ƙaramin kaptar kawai, ni ne ban tambaya ba. Sati ukku kamara na ajiye cikin kwali kafin in samu gilashi mai milimita 50 da ke shiga. Ga nauyi, ga tsadar gilashi, ga kuma shi bayan mutum da ke narkewa, wanda ke da daɗi in amarya ce ita ɗaya amma in dangi ne layi ukku sai ka ga na gaba sun fito na baya sun dushe, dole ka tsuke ƙofar da haske ke shiga ta gilashi zuwa lamba 8, hasken da kake taƙama da shi ya ragu. Lokacin hunturu kuma in buji ya taso, canza gilashi a waje ganganci ne, ƙura ta sauka bisa kaptar ka zo ka tarar da ɗigo baƙi a wuri guda cikin hoto ɗari biyu.

To mega ba ta da amfani ke nan? Tana da shi, wurin ta daban ne. Wanki mai kyau shina son piksel wajen 118 a kowane santimita, shi ne 300 da ake faɗi a inci. Hoton 10 a 15 da munka fi wankewa mega 2 da ɗan kai ya ishe shi. Na 20 a 30 da ake sa ma kadar mega 8 da wani abu. Babban allo na bakin hanya ma ba shi buƙatar abin da mutane ke zato, don ba wanda ke zuwa ya manna hanci a kai. Inda na ji rashin mega a jikina filin kokowa ne, ina can nesa gilashina bai kai ba, na ɗauki kaye mai kyau amma ƴan kokowar sun yi ƙanana a tsakiyar hoto, da na yanke gefe da gefe abin da ya rage bai fi mega 3 ba. A nan da ina da 45 bisa kaptar mai girman nawa da na ji daɗi. Kuma gaskiya in girman kaptar guda ne, mai yawan piksel ba ta cika fin ɗayar rairayi ba in ka wanke su girma ɗaya, tunda gonar guda ce daminar guda. Abin da ke ɓata lissafi shi ne a gwama mega ta ƙumba da mega ta babban faifai kamar abu ɗaya ne.

Mafi yawan hoton da ke ba mu wahala a shago ma ba kamara ce ta ɓata shi ba, hanya ce. Watan jiya wata Hajiya ta zo da hoton maigidanta, Allah ya jiƙan shi, tana son a yi mata babba 50 a 70 ta rataya a falo. Ɗanta ne ya ɗauka da waya mai tsada, ya tura ma ƙanwarshi ta WhatsApp, ita ta tura ma wata, har ya iso wayar Hajiya. WhatsApp in ba ka zaɓi HD ko ka tura a matsayin dokima ba matse hoto shike ya dawo wajen piksel 1600 a tsawo, mega 2 ko ƙasa. Raba 1600 a santimita 70, piksel 23 ke nan inda ake son 118. Na ce Hajiya in na wanke wannan haka ba za ki gane Alhaji ba. Ta ce kai dai mai hoto yi dabara, ai an ce wayar mai mega ɗari ce. Na ce ina yaron, ta ce shina Yamai wajen karatu. Nan take ta kira shi, na amshi wayar na kwatanta mishi inda zai latsa ya turo na asalin a dokima, Allah ya sa bai share ba. Ya turo, 4000 a 3000, an ɗauke shi da hantsi a ƙofar gida haske ya zauna daidai a fuska, rawani ya fito sarai. Duk da haka na ce mata mu tsaya a 40 a 60 ya fi, ta ɗan yi gardama ta yarda.

Ran da ta zo amsa ta daɗe tsaye tana kallon shi ba ta ce komi ba, sannan ta sa yaron shago ya naɗe mata a takardar siminti don kar gilashin ya fashe a kan kabu-kabu. Jikka guda ta rage mini a kuɗɗin kadar, ta ce ai na rage girma.