Kwana Huɗu a Tarifa, Ina Bin Shaho da Kyamara

Na sauka a filin jirgin saman Malaga, a kudancin Sifaniya, a makon farko na watan Satumba, na kama hanyar gaɓar teku zuwa garin Tarifa da ke kudu maso yamma, tafiyar kimanin kilomita 160. Bayan an wuce Aljesiras hanyar tana hawa tuddai tana karkacewa, har zuwa wata kwana inda teku ya bayyana gaba ɗaya, Dutsen Musa na ƙasar Maroko yana tsaye a ɗaya ɓangaren kamar mutum ya miƙa hannu ya taɓa shi. A nan ne mashigin Jibralta ya fi ƙunci, kilomita 14 kacal tsakanin Turai da Afirka, kuma wannan ƙuncin ne ya kawo ni, domin shi ne yake tara tsuntsaye masu farauta a wuri guda duk ƙarshen bazarar Turai.

Manyan tsuntsaye masu faɗin fiffike ba sa yin doguwar tafiya da kaɗa fiffike. Suna jira rana ta dumama ƙasa, iska mai ɗumi ta taso, sai su hau ta suna kewayawa har su yi nisa sama, sannan su zurara zuwa wata. Ruwan teku ba ya tayar da irin wannan iska yadda tudu yake yi, saboda haka shirwa da gaggafa da ungulu duk suna neman inda ruwan ya fi gajarta kafin su yi kasadar tsallakawa. Tun daga shekarar 1997 ake gudanar da shirin Migres na ƙidayar waɗannan tsuntsaye, kuma a dandalin kallo na Kazalla, wanda ke kan tudu kusa da garin, na tarar da masu ƙidayar zaune da madubin hangen nesa tun kafin rana ta yi zafi.

Na zo da saitin da na saba da shi, kuma a safiyar farko bai ba ni kunya ba. Fokos ɗin kyamara, wato daidaitawar da ke sa abin da ake ɗauka ya fito tar, na sa shi a kan wanda ke bin abu ba tsayawa, wanda kamfanonin kyamara Nikon da Sony suke rubutawa AF-C, Canon kuma ta daɗe tana kiransa AI Servo. Na cire aikin fokos daga maɓallin ɗauka na mayar da shi kan maɓallin AF-ON da ke bayan kyamara, yadda babban yatsa zai riƙe tsuntsu, manuniya kuma ta jira lokacinta. Saurin ƙiftawa na bar shi a 1/2500 na daƙiƙa, ƙofar haske a f/7.1, ISO kuma, wato ƙarfin karɓar haske, na sakar wa kyamara ta zaɓa da kanta, sai dai na ƙara haske da mataki ɗaya, domin sararin sama mai ƙyalli yana yaudarar ma'aunin haske har ya mayar da cikin fiffike baƙi ƙirin. Da ayarin farko na shahon da Turawa ke kira shahon zuma, wanda a zahiri 'ya'yan rina ne abincinsa, ya ratsa ta kanmu, hotuna suka yi ta fitowa tar. Babu abin mamaki a ciki, domin tsuntsu a kan shuɗin sama shi kaɗai ne abin da kyamara za ta iya kamawa.

Wahalar ta fara ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da iskar gabas, wadda mutanen wurin ke kira lebante, ta ƙara ƙarfi ta danno tsuntsayen ƙasa. Wata shirwa ta taso daga hagu, na kama ta sarai tana kan sama, ina bin ta, sai ta gangara ƙasa da layin tudu. Nan take hoton da ke cikin madubin leƙe, inda ake sa ido a kyamara, ya juye: bishiyoyin tudun da fankokin samar da lantarki da ke jere a kansa suka fito fes, shirwar kuma ta koma inuwa dishi-dishi. Haka ya faru sau biyar ko shida kafin azahar. Kyamarar ba ta yi laifi ba. Na buɗe mata fili mai faɗi na wuraren fokos, wato ɗigon da take amfani da su wajen kama abu a cikin hoto, ita kuma abin da take nema shi ne inda haske da duhu suka fi bambanta, kuma ganyen bishiya a cikin rana ya fi tsuntsu mai launin ƙasa wannan bambancin nesa ba kusa ba.

Da yamma na zauna da kyamarar na gyara abu biyu, kuma a ganina su ne ƙashin bayan wannan aiki, ko da yake ba su ne aka fi yawan magana a kansu ba. Na farko shi ne girman filin fokos. Na bar faffaɗan fili na koma ƙaramin rukuni na wurare kaɗan a tsakiya, wanda ya isa ya rufe jikin tsuntsu ba tare da ya zuba kan tudu ba. Wuri ɗaya tilo ya fi daidaito, amma riƙe shi a kan tsuntsun da iska ke jijjigawa, da dogon gilashin kyamara mai jawo nesa, na milimita 500, a hannu, aiki ne da ba kowane hannu yake iyawa ba. Na biyu shi ne saitin da ke gaya wa kyamara tsawon haƙurin da za ta yi kafin ta saki abin da ta kama ta koma wani. A Canon ma'aunin yana tafiya daga -2 zuwa +2, a Nikon kuma daga 1 zuwa 5, inda 5 ya fi jinkiri. Mutane da yawa suna tura shi ɓangaren sauri saboda suna ganin tsuntsu mai sauri yana bukatar fokos mai sauri, kuma wannan kuskure ne, domin saitin ba ya ƙara wa injin gilashi gudu ko kaɗan. Abin da yake ƙarawa shi ne saurin barin tsuntsu a koma bishiya da zarar hannu ya ɗan zame. Na tura shi ɓangaren jinkiri.

Washegari lebante ta tsananta har tsallakawa ta kusan tsayawa. Tsuntsayen sukan nufi teku, su ji ƙarfin iskar, su juyo su yi ta yawo a kan tuddai ƙasa-ƙasa, abin da yake wahala gare su amma alheri ga mai kyamara. Na tsaya yadda rana da iska duk suke bayana, domin tsuntsun da ke fuskantar iska yana rage gudu, kuma fuskarsa tana zuwa cikin haske. Na kuma matsa ɗan makunnin da ke jikin gilashi wanda ke hana shi neman abin da ke kusa, saboda idan fokos ya kuɓuce kada ya ɓata lokaci yana dawowa har gaban ƙafata kafin ya sake fita. Kafin tsuntsu ya iso nakan ɗora fokos a kan wani dutse mai nisan da nake sa ran zai bi, yadda idan na ɗaga kyamara zan gan shi ko da dishi-dishi ne. Idan kuma ya kuɓuce a tsakiyar bi, ba na ci gaba da danne maɓalli. Nakan ɗaga yatsa, in daidaita tsuntsun a tsakiya, in sake dannawa.

A ranar ce gaggafa mai cin maciji ta tsaya a kan iska kamar an rataye ta, ba ta fi mita ashirin daga inda nake ba, farin cikinta da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a fili, babban kanta yana duban ƙasa, idonta rawaya. Na ɗauki hotuna masu yawa a jere. Da na duba su sai na ga a kusan rabinsu gashin bakin fiffiken da ke kusa da ni ne ya fito tar, idon kuma ya yi laushi. Lissafin ba shi da wuya: a wannan nisa, da gilashin milimita 500 a f/5.6, inda na buɗe shi lokacin da gajimare ya rufe rana, zurfin abin da ke fitowa sarai bai wuce rabin mita ba, alhali faɗin fikafikan wannan gaggafa ya haura mita ɗaya da rabi. Rukunin wuraren fokos kuwa yakan fifita abin da ya fi kusa. Na koma f/8, na riƙa ɗora rukunin a kan wuya maimakon tsakiyar jiki, sai idon ya fara fitowa.

Wani dattijo da ke gefena yana riƙe da sabuwar kyamara marar madubi mai gane idon tsuntsu, irin fasahar da ta yaɗu daga shekarar 2020 da fitowar Canon R5, sannan Sony A1 a 2021. Ya ba ni na leƙa, na ga ƙaramin akwati ya manne a kan idon gaggafar yana bin sa, kuma ba zan ɓoye ba abin ya burge ni, domin matsalar bakin fiffike ya kawar da ita gaba ɗaya. Amma da tsuntsun ya yi nisa ya shiga gaban tudu, akwatin nasa ma ya yi tsalle zuwa kan wani reshe, na ga shi ma ya koma ƙaramin fili da babban yatsa kamar kowa.

A rana ta uku iska ta juya ta koma ta yamma, wadda suke kira poniyente, sai tsuntsayen suka karkata gabas, mu ma muka bi su zuwa dandalin Algarobo kusa da Aljesiras. A can ne ƙaramar gaggafa mai gashi har ƙafa ta nuna mini iyakar saitin jinkiri. Ta naɗe fikafikanta ta sulmiyo kai tsaye wajenmu, nisan da ke tsakaninmu yana raguwa da sauri fiye da yadda kyamarar ke hasashe, hotunan duka suka fito fokos yana bayanta. Daga nan na ajiye saiti biyu a ma'adanar kyamara, ɗaya mai haƙuri da ƙaramin rukuni don gaban tudu, ɗaya mai saurin amsawa da faffaɗan fili don buɗaɗɗen sama, ina sauya su ba tare da na cire ido daga madubin leƙe ba.

Safiyar ƙarshe iska ta lafa. Wajen ƙarfe goma tsuntsayen da suka kwana biyu suna jira suka fara tashi daga kan tuddai, suna kewayawa a ginshiƙi ɗaya, shaho da gaggafa da farar ungulu ɗaya a cikinsu, har suka zama ɗigo-ɗigo. Daga can sama sai suka miƙe layi guda suka fuskanci kudu. Na zaɓi wata shirwa da ta makara, 'yan uwanta sun wuce tun watan Agusta zuwa yankin Sahel inda suke cin rani, na danna babban yatsa na bi ta. Ta gangara gaban tudu fokos bai sake ta ba, ta fita kan ruwa, Dutsen Musa ya shigo bayanta, na ɗauki hoto uku kafin ta ƙanƙance ta fi ƙarfin gilashin.