Fomaikar da na sa wa teburin yanka

Shekara shida ina yankan yadi a kan katako tsirara, har ranar da sartse ya ja zaren wani leshi na amarya. Na biya kuɗin yadin daga aljihuna, washegari na nufi kasuwar Kofar Ruwa neman fomaika.

Wadda na fara saya baƙa ce mai zanen marmara, sai sheƙi take yi. Ido ne ya zaɓar mini ita. Kafin wata uku bakin almakashi ya zazzane ta, kuma kowane zane ya fito fili saboda santsin fuskarta. Da dare hasken kwan lantarki yakan dawo mini a ido har in kasa bin layin alli. Allura ta faɗi kuwa, sai lalube.

Dattijon kafintan unguwarmu ne ya duba ya ce, "Ɗana, wannan ta jikin kabad ce. Teburin aiki mai kauri yake so."

Na ce, "Baba, ashe iri-iri ce?"

Ya nuna mini gefen wani guntu. Fomaika takardu ne aka jiƙa da wani irin gam, aka jera su, aka danne da zafi da nauyi har suka zama falle ɗaya. Ta saman ce mai launi, na ƙasan su ne ruwan ƙasan da ake gani a baki. Siririyar ba ta wuce milimita 0.7, an yi ta don bango da ƙofofin kabad. Ta saman tebur takan kai milimita 1 zuwa 1.2. Sunan ma na kamfanin Formica ne, wanda aka kafa a Cincinnati ta Amurka a 1913, kuma da farko don kayan lantarki aka yi ta.

A karo na biyu na ɗauki ruwan toka mai haske, marar sheƙi, marar zane. Farar shadda tana fitowa a kanta, baƙin yadi ma haka, zanen almakashi kuma ba ya nunawa sosai. Falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, don haka na sa aka yi teburin daidai da shi, babu haɗi a tsakiya da zai riƙa kama zare.

Abin da ke ƙarƙashi ma na kula da shi. MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, yana da laushin fuska, amma da ruwa ya shige shi ta gefe sai ya kumbura, ga shagona yana ɗiga da damina. Filawud mai kauri muka sa. Baba ya shafa gam a katakon da bayan fomaikar, ya jira har ya daina kama yatsa, ya jera siraran sanduna a tsakani, yana zare su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa daga tsakiya. Wannan gam in ya kama babu gyara. Gefen kuma ya bi shi da magagari har kaifin ya mutu.

Abu ɗaya na hana yarana: ajiye dutsen guga a kanta. Zafi yana ƙona fuskar, yana kuma sa gam ya saki ta yi ƙulli. Guga tana da nata teburin da bargo a can kusa da ƙofa.