Inda na kai da shiftar intanet a ajin firamare

'Yan uwa masu koyon aikin koyarwa tare da ni, ga inda na kai.

Na rage amfani da wasannin zaɓen amsa. Manhajar irin wannan wasa, Kahoot, wadda aka ƙaddamar a Norway a 2013, tana tayar da aji sosai, yara har tsalle suke yi, kuma ina son hakan. Amma yaron da ya gane kalma daidai cikin huɗu da aka jera masa, ba lallai ya iya fito da ita daga kansa ba idan aka ba shi fensir. Ga shi kuma ana cika masa ido da kurakurai uku. Yanzu sai ranar bita nake buɗe ta.

Abin da ya zauna mini shi ne shifta. Ina naɗar muryata ina faɗin kalmar, in saka ta a gajeriyar jimla, in sake faɗin ta. Yara su saurara, su fara rubutawa a littafi, sannan su buga a gurbin amsa na Google Forms da na mayar jarrabawa. Manhajar tana yin maki da kanta, kuma tana ba malami damar saka amsa fiye da ɗaya a matsayin daidai. Wannan ya yi mini amfani wajen harafin 'y, domin a Najeriya haka ake rubuta shi, a Nijar kuwa ƴ ne, kuma duka biyun na karɓa.

Kafin komai, a kashe gyaran rubutu na wayar ko kwamfutar. In ba haka ba na'ura ce za ta ci makin, yaro bai koyi komai ba. A kuma saka madannin Hausa. Manhajar madanni ta Gboard tana da shi, ana samun ɓ, ɗ da ƙ a ciki.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne teburin amsoshi. Da ina duba littafi ɗaya bayan ɗaya, kuskuren kowane yaro nasa ne shi kaɗai. Yanzu ina ganin kalma guda da amsoshin ajin duka a jere ƙarƙashinta. A nan na ga wata yarinya da nake zaton tana da rauni gaba ɗaya, ashe matsalarta ɗaya ce: ba ta saka lanƙwasa. Ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki. Na zauna da ita muna furtawa, ta ɗora yatsa a maƙogwaronta tana jin bambancin, sannan ta rubuta. Sauran ajin kuwa raba kalmomi ne ke kayar da su: suna manne "ya tafi" da "shi ne", suna kuma raba "yana". Darasin mako mai zuwa ya fito da kansa daga wannan tebur.

Maimaitawa ma na sauya mata tsari. Tun 1885 Ebbinghaus, wani masani Bajamushe, ya nuna cewa abin da aka koya yana saurin zubewa da farko, sannan mantuwar ta lafa. Saboda haka kalmar da aka kasa rubutawa daidai tana dawowa washegari, sai bayan 'yan kwanaki, sai bayan mako. Manhajar bita mai suna Anki tana yin wannan lissafi da kanta, amma ta fi dacewa da manya. Ga ƙananan yara ni nake riƙe jerin.

Abin da nake fama da shi yanzu shi ne masu jinkirin bugawa. Sun san kalmar, neman harafi a madanni ne ke cinye musu lokaci. Zan gwada barin su su tsaya a littafi, ni in shigar da amsoshinsu daga baya kamar yadda suka rubuta, har da kurakuran. Wanda ya taɓa gwada haka a cikinku, ina son jin yadda ta kaya.