Yada zangon awa biyar da ya kusa hana Ate zuwa bikin ƙaninta

Tun ina Dagupan, wani gari a ƙasar Filifin, nake son rubuta wannan labarin amma lalaci ya hana, sai jiya da wani ɗan ajinmu ya kira ni yana tambaya wai in mutum ba zai fita daga filin jirgi ba ai ba ruwansa da biza ko, na ce masa zauna in ba ka labarin Ate.

Ate dai ba suna ba ne, haka 'yan Filifin suke kiran yaya mace, namiji kuma Kuya. 'Yar matar da na yi haya a gidanta ce lokacin ina karatun likita a lardin Pangasinan, nas ce a wani asibiti mai zaman kansa, ta girme ni da kusan shekara takwas, kuma gaskiya ta riƙe ni kamar ƙaninta na ciki ɗaya, in azumi ya zo ita take ajiye min soyayyen bangus, kifin nan da garin ya yi suna a kansa, ta ware min tukunya ta daban saboda ta san ba na cin alade. Ƙaninta na gaske kuwa ma'aikacin jirgin ruwa ne kamar dubban samarin ƙasar, a yawonsa ya haɗu da wata 'yar Peru aka sa biki a Lima, babban birnin Peru, a 2024. Uwar su Ate ta tsufa ba za ta iya doguwar tafiya ba, sai aka ce Ate ce za ta wakilci gida.

Peru ba ta neman biza a wajen 'yan Filifin masu zuwa ziyara, wannan shi ne abun da ya rufe mata ido. Ta duba ta ga ba biza, ta shiga wani shafin sayar da tikiti da daddare ta ga mai araha, Manila zuwa Los Anjelis, a jira awa biyar, sai a ɗauki wani jirgin zuwa Lima, ta biya nan take, irin tikitin garaɓasar nan da ba a mayar da kuɗi. Da safe ta zo tana murna tana nuna min a waya. Ina ganin sunan filin jirgin da ke tsakiya na ce Ate, kina da bizar Amurka? Ta yi dariya ta ce ai ba Amurka za ta ba, wucewa kawai za ta yi, ko ƙofar filin jirgin ba za ta leƙa ba.

To ni da nake riƙe da koren fasfo na san wannan maganar ba ta aiki. Mu an riga an koya mana da ƙarfin tsiya, ɗan Najeriya ko Gana ko a ina jirginsa zai taɓa ƙasa a yankin Shengen, wato ƙasashen Turan nan masu biza ɗaya, sai ya nemi bizar wucewa ta filin jirgi, muna cikin jerin ƙasashe 12 da dokar ta lissafa gaba ɗaya tare da su Habasha da Somaliya da Pakistan, don haka kafin in kalli farashin tikiti nakan fara kallon inda za a yada zango. Su kuwa 'yan Filifin sun saba da sauƙi a unguwarsu, Singafo kwana 30 ba biza, Maleshiya haka, Hong Kong kwana 14, mutum ya sauka ya sha iska ya ci abinci ya koma ya hau jirgi, shi ya sa da yawansu ba sa kawo wa ransu cewa akwai inda ko canjin jirgi sai da izini.

Amurka ba ta da wannan ɓangaren na masu wucewa da ake gani a Doha ko Dubai, inda za ka sauka daga wannan jirgin ka bi alama ka je ka zauna a ƙofar wancan ba tare da kowa ya buga maka hatimi ba. A can duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasar waje sai ya bi layin jami'an shige da fice, an duba shi an shigar da shi ƙasar, sannan ya nemi jirginsa na gaba. Da suna da tsarin wucewa ba biza amma suka dakatar da shi a watan Agustan 2003 saboda tsaro, tun daga nan wanda ƙasarsa ba ta cikin masu shiga ba biza dole ya riƙe wadda ake kira C-1, ko kuma ta ziyara B1/B2 in yana da ita don ita ma tana wucewa da mutum. Abun dariyar shi ne ƙanin nata ya fi kowa sanin wannan, don ma'aikatan jirgin ruwa da bizar Amurka mai suna C1/D suke yawo, amma yana tsakiyar teku lokacin da ta sayi tikitin, ba wanda ya tambaye shi.

Ba ta yarda da ni ba sai da ta kira kamfanin jirgin, suka faɗa mata abun da na faɗa, har da ƙarin cewa tun a Manila ma ba za a ba ta takardar shiga jirgi ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, ma'aikacin da ke kantar ba da takardar shiga jirgi yana da wani kundi a kwamfuta mai suna Timatic na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, zai saka ƙasar fasfonki da inda za ki da inda za ki yada zango, abun da ya fito masa shi zai bi, kuka ko magiya ba sa canza komai saboda in suka ɗauki mutum ba takarda kamfanin ake ci tara kuma shi zai dawo da shi.

Mun zauna a teburin kicin muka yi lissafi. Akwai hanyar da ba ta buƙatar komai, ta Doha ko Dubai zuwa Sao Paulo sannan Lima, tunda Burazil ma ba ta neman biza a wajen 'yan Filifin, amma doguwa ce ga tsada, kuma kuɗin tikitin farko ya tafi kenan. Ta ce to ta Turai fa? Nan ma akwai tarko, Filifin ba ta cikin jerin 12 ɗin nan amma kowace ƙasa tana da damar ƙara nata sunayen, kuma Faransa ta saka Filifin a nata, wato in ta Faris ne sai an nemi bizar filin jirgi sai dai in mutum yana da bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai rai. Kuma in tikitin ya ƙunshi tsayawa biyu a cikin Shengen, misali a sauka a wannan birnin a ɗauki ƙaramin jirgi zuwa wancan, to an shiga yankin kenan, cikakkiyar biza ake nema, Yuro 90 tun Yunin 2024. Ƙarshe dai muka ga gara a rungumi ƙaddara a nemi ta Amurkan, saura wata biyu da 'yan kwanaki biki.

Kuɗin dala 185 ne, sama da feso dubu goma a canjin lokacin, kuma ba a mayarwa ko an ba ka ko an hana. Wannan ya ƙona mata rai sosai, ta ce kusan duk rarar da ta samu a tikitin kenan, saboda zaman awa biyar a kan kujera. Fom ɗin DS-160 ne, shi dai wanda mai zuwa yawon buɗe ido yake cikewa, ba wani gajere da aka yi wa masu wucewa, tambayar iyaye, wajen aiki, ƙasashen da aka je, shafukan sada zumunta, mun kwashe dare biyu a kansa don shafin yana fitar da mutum in ya daɗe bai taɓa komai ba, sai da na rubuta lambar fom ɗin a jikin kalanda don kar ta ɓace.

A nan muka ɗan yi saɓani. Ƙawayenta a wajen aiki suka ce tunda kuɗin ɗaya ne me zai hana ta nemi ta ziyara kawai, wadda akan ba 'yan Filifin har ta shekara goma, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Maganarsu ba ƙarya ba ce, amma ni na ce mata Ate ki nemi abun da za ki yi da gaske. Nas ce, ba ta da aure, kuma kowa ya san yawan nas-nas 'yan Filifin da ke aiki a Amurka, in ta ce ziyara za ta sai an tambaye ta wajen wa, kwana nawa, wa zai biya, ita kuma ba ta da amsar ko ɗaya sai ta ƙirƙira. Amma in ta ce wucewa ce ga tikiti ga katin biki ga ranar dawowa aiki, labarin a miƙe yake ba inda za ta yi tuntuɓe. Har yau tana min tsiya wai na sa ta yi asarar shekara goma, ni kuma har yau ina kan bakana.

Ranar intabiyu mun hau bas ɗin dare daga Dagupan, muka isa Manila kafin asuba. Ofishin jakadancin yana kan titin Roxas a bakin teku, ba a shiga da waya ko wani abu mai batir, don haka ni ne ɗan riƙon waya da jaka, na zauna a gefen ruwa ina kallon masu motsa jiki ina ta salati kamar ni za a tambaya. Ta shiga da fayil mai kauri, takardar shaidar aiki, takardar izinin hutu, bayanin banki, katin gayyata da harshen Sifaniyanci, hoton ƙanin da amaryarsa. Da ta fito ta ce min ko buɗe fayil ɗin ba a yi ba. Ina za ki, me za ki yi a can, me ya sa ta nan za ki bi, aikin me kike yi, shekara nawa. Ta ce ta faɗi gaskiya cewa arahar tikiti ce ta ja ta kuma ba ta san ana neman biza ba sai da ƙaninta ɗan Najeriya ya faɗa mata, wai har jami'in ya yi murmushi. Aka riƙe fasfon, bayan 'yan kwanaki ya iso da biza a ciki. Wanda zai nema yanzu ya sani daga ƙarshen 2024 an ware ɗaukar hoto da zanen yatsa a wata cibiya daban a Paranyake da ke yankin Manila, wato zuwa biyu kenan, in daga lardi mutum yake sai ya shirya kwana.

Abu na farko da na duba a jikin bizar shi ne ko ta shiga da yawa ce, don mutane suna mantawa cewa dawowa ma wucewa ce, in ta sau ɗaya aka ba ka to ka je amma ba hanyar komowa. Tata ta shiga da yawa ce, muka yi hamdala, ita ta yi nata irin na Katolika.

Sai kuma tsoro na biyu wanda mu ba mu da shi, nasu ne na gida. A Filifin jami'an shige da fice na ƙasarsu suna iya hana ɗan ƙasa fita in ba su gamsu ba, su suna ce masa oflod, an yi shi ne don maganin safarar mutane da masu fita aiki ta bayan fage da sunan yawon buɗe ido, kuma mace ita kaɗai, nas, tafiya mai nisa haka, irin wadda akan ja gefe ce a yi wa ƙarin tambayoyi. Don haka fayil ɗin nan da ba a buɗe ba a ambasi na ce kar ta kuskura ta saka shi a akwatin da za a auna. Ta biya harajin tafiya feso 1,620, ta cike fom ɗin rajistar matafiya na eTravel a waya, aka yi mata tambaya uku huɗu aka duba tikitin dawowa aka buga hatimi.

Awa biyar ɗin da take rainawa kuwa da ƙyar ta ishe ta. Layin shige da fice kawai ya ci fiye da awa ɗaya, ta ɗauki akwatinta ta bi ta kwastan ta sake miƙa shi, ta sake bin layin bincike a cire takalmi a cire komai. Dama na hana ta ɗaukar longanisa, tsiran naman da uwar ta dage sai an kai wa ango, don nama ba ya shiga Amurka ko da wucewa kake, tunda a idon kwastan ka shigo ƙasar. Busasshen mangwaro da alewa kawai ta ɗauka kuma ta bayyana su. Uwar ta yi fushi da ni na kwana biyu a kan longanisar nan, sai da maƙwabta suka cinye.

Ba ko'ina ne haka ba sha, kar in tsorata mutane. Ostareliya tana barin ɗan Filifin ya wuce ba biza in zaman bai wuce awa takwas ba kuma bai bar ɓangaren masu wucewa ba, in ya wuce haka akwai biza mai lamba 771 ta awa 72 kuma kyauta ce. Kanada ma bizar wucewarta kyauta ce ta awa 48, kuma tun Yunin 2023 ɗan Filifin mai bizar Amurka yana iya neman izinin intanet na dalar Kanada 7 kawai. A Japan in jirgi ya sauke ka a Narita na gaba kuma a Haneda yake, wato filayen jirgi biyu na Tokyo, to wannan shiga gari ne ba wucewa ba. Haka in tikiti biyu ka saya daban-daban don neman sauƙi, galibi sai ka fita ka ɗauki kaya ka sake aunawa, fitar nan kuwa ita ce shiga ƙasa.

Ta turo min hoto daga Lima sanye da farar rigar gargajiyarsu mai tsayayyen hannu, tana tsaye kusa da ango, a ƙasa ta rubuta wai in shirya, in na tashi aure a Kano ita ce babbar yaya, amma wannan karon ni zan saya mata tikitin.