Talata a Tumfure: lodar ta ƙi ɗaga bokiti

Hunturu ya kankama a Gombe, gari ya yi fari fat da ƙura. Ko shayi ban kai ga sha ba yaron da ke tuƙa ƙaramar lodar nan ya kira ni daga Tumfure. "Alhaji, ta tashi lafiya lau, amma hannun ya ƙi ɗagawa, bokitin ma ko motsi." Ga jar ƙasa tifa-tifa an zube tun jiya, mai fili yana jiran a baje masa ciko.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce 'yar katafilar nan mai taya huɗu da ba ta da sitiyari. Tayoyin hagu da famfonsu, na dama da nasu, in za ta juya sai ɓangare ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, ta murje ƙasa ta juya a inda take tsaye. Kowa Bobcat yake ce mata, amma tawa ta wani kamfani ce daban, ta hannu na saya daga Legas, agogon ƙirga awowinta ma a mace ya zo. Asalin irinta wasu maƙera biyu wa da ƙane, Louis da Cyril Keller, suka haɗa a jihar Minnesota ta Amurka a 1957, saboda wani mai kiwon talo-talo da ke neman abin kwashe kashi daga ɗakin tsuntsayensa. Waccan mai taya uku ce, mai huɗun sai a 1960 ta fito. Wanda ya zana ta dai bai san ƙurar Disamba ta Gombe ba.

Na taho da bakanike. Ya zagaya ta, ya saurari kukan injin, ya goge hannu ya ce, "Oga, famfo ya tafi. Sai dai a aika Kofar Ruwa a Kano, in ba a samu ba a nemo daga kasuwar Ladipo ta Legas." Ko agogon awon ƙarfin mai bai ɗaura ba. Na san shi da hannu mai kyau a injin gas, amma da ya ji kalmar haidirolik, wato aikin man da famfo ke turawa ya ɗaga hannu da bokiti, sai hankalinsa ya tafi kan abu mafi tsada.

Abin da ya hana ni yarda shi ne labarin da yaron ya bayar. Ya ce tun makon jiya in ta faɗa rami sai hannun ya tsaya cak, fitilun gaban direba su yi ƙifta-ƙifta, can kuma komai ya dawo. To famfon da ya ci ƙasa ba haka yake mutuwa ba. A hankali yake sanyi, da safe ya ɗaga kaya, in mai ya yi zafi da rana ya fara kasawa. Ba ya ɗaukewa ya dawo kamar wutar unguwa. Abin da ke yin haka a wannan mashin ɗin waya ce. Akwai ƙarfen da direba ke saukewa a gaban cikinsa in ya zauna, da na'urar da ke gane an sauke shi. Sai ta ba da izini wuta ke zuwa wa wani bawul ya buɗe wa hannu da bokiti hanyar mai. Babu wuta, bawul a kulle, famfo na ta juyawa a banza.

Sai na aika aka ɗauko wani dattijo mai riwaya da na sani a Jekadafari. Ya zo da mitarsa a cikin leda, bai ce uffan ba ya fara da batir. A kashe bolt 12.5, lafiya. Aka tayar, mita ta nuna 14.1, ke nan alternato na caji. Ya kwance noti biyun gaban kujerar aka ɗaga gidan direban baya, ya bi waya har kan bawul ɗin. Can wutar ba ta kai 10 ba, kuma tana rawa. Daga nan ya yi abin da ya burge ni: ya ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir wajen nagatif, ɗayan a jikin ƙarfen mashin, ya ce a murza makulli. Ta nuna sama da bolt ɗaya. Ya ce tsakanin waɗannan wurare biyu ko rabin bolt bai kamata a gani ba. Muka bi ƙatuwar wayar at, wadda ke haɗa nagatif ɗin batir da jikin mashin, zuwa inda aka ɗaure ta, sai ga noti ya yi sako-sako, ƙarƙashinsa tsatsa da wani koren gari ya yi kauri. Ya kankare da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure tamau, ya shafe da giris.

Ta ɗaga. Amma da ya girgiza damin wayoyin da hannu sai ta sake ɗaukewa. A daidai inda gidan direba ke lanƙwasawa, wata siririyar waya ta goge, wani can baya ya naɗe ta da salatif ya rufe. Sili biyu ko uku kawai suka rage a ciki.

A nan muka ɗan yi musu. Bakanike ya ce a haɗe wayar kai tsaye a tsallake na'urar ƙarfen nan a huta, ai haka ake yi ko'ina. Yaron ma ya goyi baya, don ƙarfen nan yana takura masa in yana hawa da sauka. Dattijon ya dube ni. Na ce, "Baba, a gyara ta yadda take." A wannan mashin ɗin ta gaba ake shiga, ta kan bokiti, tsakanin hannuwa biyu. Ranar da yaro zai sauka injin na aiki, ƙafarsa ko rigarsa ta taɓa abin sarrafawa, hannun nan ya sauko masa, ba ni da abin da zan faɗa wa uwarsa. Aka yanke wurin, aka yi sabon haɗi da dalma, aka canza wa wayar hanya.

Bayan azahar muka koma kan kukan da take yi, don bakanike bai yi ƙarya ba, akwai wani siririn ihu daga wajen famfo, hannun kuma yana ɗagawa da fizga-fizga. Na buɗe tankin haidirolik na haska da waya: kumfa ta cika saman man. Muka ɗebi kaɗan a gorar ruwa muka ajiye a rana. Mai in ruwa ne ya shige shi, fari yake zama ya tsaya a haka, kuma in ka ɗiga a ƙarfe mai zafi za ka ji yana tartsatsi. Namu kafin mu gama cin ƙosai ya washe tun daga ƙasa. Iska ce ke nan. Wahalar ita ce tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa famfo ba ya yoyo ko da ya tsage, domin zuƙa yake yi, sai dai ya ja iska ciki, kuma da sanyin safiya da mai ke yin kauri abin ya fi tsananta. Bakanike ya lafta giris a bakin haɗin, nan take ihun ya ragu. Da aka zare tiyon, ya bushe ya tsattsage a ƙarƙashin maɗaurinsa.

Ana cikin haka yaron ya kai hannu zai shafa wani tiyo na sama wai ya ji ko yana tsiyaya. Dattijon ya daka masa tsawa. Ƙarfin man da ke cikin waɗannan yana kai wajen bar 200 a ma'aunin matsi, in akwai huda kamar ta allura sai ya ratsa fata ya shige nama, ciwon ya yi kamar ba komai, alhali na tiyata ne cikin gaggawa. Da kwali ake nema, ba da hannu ba.

Na shiga kasuwa neman tiyo. Mai shagon farko ya miƙo min na ruwa, na ce a'a, sai mai zagayayyiyar waya a cikinsa, wanda ba zai manne ba in famfo ya zuƙa. Mai kuma na ƙi na awo daga buɗaɗɗen duro, na sayi rufaffen jarka mai lamba 46, irin wanda aka rubuta a jikin tankin. Tsohuwar filtar muka fasa muka baje takardarta a rana. Baƙin datti ne kawai, babu ƙyalƙyalin tagulla ko ɓarɓashin ƙarfe, wanda da shi ne za a ce famfo ya fara cin kansa. Bakanike ya juya takardar ya sake juyawa, ya ce, "To, Allah ya rufa asiri." Muka hure lagireto da abin sanyaya mai, ƙurar da ta fito sai da kowa ya ja da baya.

Wajen la'asar sakaliya ta fara baje ƙasa, hannu na tashi sumul. Silindar hagu tana ɗan jiƙewa a baki, sil ɗinta ya kusa, na sa a tambayo min a Kano. Na gaya wa yaron gobe ya bar ta ta ɗumama kafin ya sa mata kaya, ya kuma leƙa tankin ya kira ni in ya ga kumfa.