Wuƙata ta karye a gaban Kawu

Laraba. Tun da na tashi nake ɗokin kai wa Kawu sabuwar wuƙar farautar nan tawa, mai zane kamar igiyar ruwa a jikin ƙarfenta. Sau biyu na goge ta kafin in fita.

Ya zare ta daga kube, ya kanga bakinta da haske, ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce. Shiru. Can ya ce, "Ƙarfen nan a ina ya tsaya cikin ƙota?" Na ce wallahi ban duba ba, Kawu. Ya turo mini guntun busasshen icce, ya ce in ɗora ta in buga bayanta, in tsaga. Bugu na uku sai ga ƙota a hannuna, wuƙa a ƙasa. Ashe wani siririn ƙarfe ne kamar ƙusa aka yi wa walda, aka cusa, aka cike da gam.

Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko tasa, baƙa ƙirin, ba kyan gani, amma ƙarfenta ya ratsa ƙota har ƙarshe, kana ganinsa tsakanin katakan biyu da ƙusoshi uku. Ya shafa ta a damtsensa, gashi ya zube. Ya ce sirrin yana wajen wuta: maƙeri ya gasa ƙarfe ya yi ja, ya tsoma a mai ya taurare, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan. In aka tsallake na ƙarshen, baki ya riƙa ɓarewa da ya haɗu da ƙashi. In bai taurare ba kuma, kafin ka gama fiɗa ta dakushe.

Zanen ma da nake taƙama da shi, da ya goga a dutsen washi sai ya goge. Na gaskiya daga ninka ƙarfe iri biyu yake fitowa, yana nan har ciki.

Rana ta tafi haka nan. Aiki, ciwon kai, kiran Yaya da ban ɗauka ba.

Da dare na kasa barci, na hau karatu a waya. Ƙarfen da ake kira 1095 yana da sinadarin kabon kusan kashi 0.95 cikin 100, yana riƙe kaifi amma yana tsatsa in ba a shafa masa mai ba. Wanda ba ya saurin tsatsa sai da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 a cikinsa. Har ma'aunin tauri akwai, Rockwell, wuƙaƙe masu kyau suna kaiwa wajen 58 zuwa 60. A kwalin tawa ko lamba ɗaya babu, sai hoton barewa.

Kuben dai fata ce mai kyau, Kawu ya karɓe ya ce zai yi wa tasa daidai.